Riniyam: ƙarfen da ba shi da ramin kansa, sai a hayaƙi ake kamo shi

Da za a tattara duk riniyam ɗin da duniya ke fitarwa a shekara guda, tirela biyu sun isa su kwashe shi. Tan 50 zuwa 60 ne kacal. Zinariya, wadda muke yi wa kallon abin da ya fi komai wuyar samu, ana haƙo fiye da tan 3,000 nata kowace shekara. Kuma saboda tsananin nauyin riniyam, da za a narka na shekarar nan a zuba shi wuri ɗaya, akwati mai tsawon mita ɗaya da rabi ta kowane ɓangare zai ɗauke shi har da saura. Lita ɗaya tasa ta kai kilo 21, alhali ta baƙin ƙarfe ba ta cika kilo 8 ba, ta darma kuma kilo 11 ce da 'yan kai.

Wannan ɗan abin ne manyan injinan jiragen sama na zamani suka rataya a kansa. Kusan duk babban jirgin da ke ɗibar maniyyata zuwa Jidda, ko mai dakon kaya daga Guangzhou, akwai riniyam a wurin da ya fi ko'ina zafi a cikin injinsa. Abin da ya sa na ga ya cancanci a yi masa fashin baƙi shi ne, ba ya bin dokar kasuwa da muka sani. A kasuwar hatsi, idan masara ta yi tsada bana, baɗi kowa ya shuka masara. Riniyam kuwa ko farashinsa ya ninka sau biyar, babu wanda zai iya cewa bari in je in haƙo ƙari, domin ba shi da ramin kansa.

Tun da Mendeleev na Rasha ya tsara jadawalin sinadarai a ƙarni na 19 ya bar gurabe biyu a ƙarƙashin manganis, na 43 da na 75, ya ce akwai masu su, ba a dai gano su ba tukuna. A 1908 wani masanin Japan, Masataka Ogawa, ya ba da sanarwar ya samo na 43, ya sa masa sunan ƙasarsa. Sauran masana suka nema ba su gani ba, maganar ta mutu. Sai bayan shekaru masu yawa da rasuwarsa aka sake duba hotunan gwajin da ya bari, aka fahimci cewa na 75 ne ya shigo hannunsa, gurbin ne ya kuskure. Waɗanda tarihi ya ba wa tutar su ne Jamusawa uku, Walter Noddack da Ida Tacke da Otto Berg, a birnin Berlin a 1925. Sun raɗa masa suna daga kogin Rhine, yankin da aka haifi Ida Tacke. Kafin su tara giram ɗaya tak a 1928, sai da suka sarrafa kimanin kilo 660 na ma'adini. Wannan lissafin shi ne labarin riniyam har gobe.

A ɓawon ƙasa, rabonsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biliyan ba. Ƙarancin kaɗai ba shi ne matsalar ba, don ita ma zinariya kaɗan ce. Bambancin shi ne zinariya takan taru a jijiya ko a yashin rafi, har mai kwano da haƙuri ya wanke ya gan ta da idonsa. Riniyam ba ya taruwa. Laɓewa yake yi a cikin wani ma'adini mai laushi, launin toka, mai kama da bakin fensir, wanda ake kira molibdenait, wato ƙarfen molibdenam haɗe da farar wuta. Ƙwayar zarrar riniyam girmanta ɗaya kusan da ta molibdenam, shi ya sa takan zauna a gurbinta ba a sani ba.

Ga wani abin mamaki kuma. Ramukan da aka buɗe musamman don molibdenam, irin Climax da Henderson na jihar Colorado a Amurka, riniyam ɗinsu bai taka kara ya karya ba. Molibdenait mai ɗauke da shi sosai yana cikin manyan ramukan jan ƙarfe ne, na Chile da Peru da Meziko da kudu maso yammacin Amurka da tsakiyar Asiya. Ke nan jan ƙarfe ake nema, molibdenam ya biyo shi a matsayin rara, riniyam kuma ya biyo molibdenam a matsayin rarar rara.

Mu ɗauke shi kamar mahauta. Mahauci don nama yake yanka sa. Fata riba ce ta gefe, sai ya sayar wa majemi. Gashin da majemi ke kankarewa daga fatar, shi ne matsayin riniyam. To yau a ce wani attajiri ya zo yana sayen gashin nan da tsada ƙwarai. Majemi zai daina zubar da shi, zai riƙa tarawa, wannan gaskiya ne. Amma babu mahaucin da zai ƙara yanka shanu goma saboda gashi ya yi kuɗi. Yawan gashi yana hannun masu cin nama. Haka yawan riniyam yake hannun masu buƙatar wayar lantarki da bututun jan ƙarfe. Duniya na haƙo jan ƙarfe fiye da tan miliyan 20 a shekara, cinikin da ake lissafa shi da ɗaruruwan biliyoyin daloli. Riniyam kuwa, ko a lokacin da kilo ya kai dala 10,000, tan 50 bai wuce dala miliyan 500 ba. A littafin babban kamfanin haƙar jan ƙarfe, wannan kuɗin cefane ne.

Yanzu bari mu bi shi daga dutse zuwa hannu, domin a nan ne zaƙin maganar yake.

Dutsen da ake fasawa a waɗannan ramuka sau da yawa jan ƙarfen da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ana niƙa shi ya zama gari, a dama da ruwa da wasu sinadarai, a hura masa iska daga ƙasa. Ma'adinin sai ya manne wa kumfa ya taso, a yaɗe shi daga sama, tsakuwar banza ta kwanta. Abin da aka yaɗe gauraye yake, jan ƙarfe da molibdenait. Sai a sake yi masa wani wankan kumfa da zai danne jan ƙarfen ya bar molibdenait ya taso shi kaɗai. A cikin tan guda na wannan tataccen molibdenait, riniyam yakan kasance 'yan ɗaruruwan giram. Har zuwa nan babu wanda ya gan shi.

Daga nan sai gashi a wuta. Ana zuba molibdenait a wani dogon tanderu mai hawa-hawa, a gasa shi da zafin digiri 500 zuwa 650 a ma'aunin Salshiyos, don farar wutar ta ƙone ta fita a bar molibdenam ɗin da masu ƙera ƙarfe ke saye. A nan riniyam ke nuna halinsa. Shi kansa ba ya narkewa sai a digiri 3,186, kuma a duk ƙarafa tangistin ne kaɗai ya fi shi jure wuta. Amma da zarar ya haɗu da iskar oksijin a cikin tanderun, sai ya rikiɗe ya zama wani sinadari da ke tashi tururi tun a wajen digiri 360. Ƙarfen da wuta ke shakka, ga shi ya zama hayaƙi ya bi bututu. Masana'antar da ba ta tanadi abin tare shi ba, asararsa ta yi ke nan, ya bi iska.

Masu tanadi sukan bi da hayaƙin ta cikin feshin ruwa. Riniyam na narkewa a ruwan, tare da ƙura da ruwan batir da tarkace iri-iri. Sai a bi da ruwan ta cikin wasu 'yan ƙwayoyin roba masu zaɓe, waɗanda ke cafke riniyam su bar sauran su wuce, ko a yi amfani da wani mai da ke janye shi. A wanko shi da ruwan amoniya, a ƙafar, sai ga wani farin gishiri ya fito, wanda 'yan kasuwar ke kira APR. Kusan kashi 69 cikin ɗari na nauyin gishirin nan riniyam ne, kuma a wannan siffar ake cinikin mai yawa daga cikinsa. Mai son ƙarfen zalla sai ya gasa gishirin a cikin iskar haidirojin, ya samu gari mai launin toka, ya matse shi ya zama 'yan dunƙule kamar ƙwayar magani.

Idan aka fahimci wannan, za a gane abin da ya sa taswirar masu riniyam ta bi inda tanderu yake. Chile ce kan gaba, da kusan rabin abin da duniya ke samarwa, kuma ƙashin bayan wannan shi ne kamfanin Molymet, wanda aka kafa a 1975, mai masana'anta a kusa da Santiago da kuma garin Mejillones na bakin teku. Molymet ba mahaƙi ba ne, magashi ne. Yana karɓar molibdenait daga ramukan Chile da na wasu ƙasashe, ya gasa, ya tare hayaƙin. Riniyam ɗin da aka haƙo a dutsen Peru ko Meziko, a lissafin duniya yakan fito da sunan ƙasar da aka kama shi. Poland na samun nata ta wata hanya, daga ruwan wankin hayaƙin masana'antar narka jan ƙarfe ta kamfanin KGHM a Głogów. Amurka na da na Freeport-McMoRan a Sierrita ta jihar Arizona. Sai Kazakistan a Zhezkazgan, da Uzbekistan, da Sin, da Koriya ta Kudu.

A ganina wannan shi ne darasin da ya fi muhimmanci ga duk mai bin harkar ma'adinai. Mun saba ɗaukar cewa arziki a rami yake. A harkar riniyam, mai rami yakan sayar da tataccen ma'adininsa ya sallama abin da ke ɓoye a ciki, mai bututun hayaƙi da ilimin sinadarai ya kwashe. Mu ma mun taɓa ganin irin wannan a gida. A filin kuza na Jos, kolumbait, ma'adinin da ake samun ƙarfen niyobiyam a cikinsa, tarkace ne da ake warewa a zubar, har zuwa lokacin da Amurka ta shiga sayensa da tsada a shekarun 1950 saboda ƙarfen injinan jiragen yaƙi, aka koma ana tona jujin da aka tara. Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi, ɗanye, sannan Brazil ta buɗe babban ramin niyobiyam a Araxá kasuwar ta koma can.

Akwai dai wurin da aka san riniyam ya fito da ma'adinin kansa a fili. A 1994 masanan Rasha suka ba da rahoton samunsa a bakin ramukan tururi na dutsen aman wuta Kudriavy, a tsibirin Iturup, ɗaya daga cikin tsibiran Kuril da Rasha ke riƙe da su Japan kuma ke cewa nata ne. Dutsen na fesar da shi cikin tururi mai tsananin zafi. An daɗe ana maganar kafa na'urar tarewa a can, amma har yau kasuwa ba ta dogara da shi ba.

To me ake yi da shi da har ake wannan wahala?

Kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na tafiya ne ga fukafukan farfelar da ke can cikin injin jirgi, daidai bayan ɗakin da mai ke ƙonewa. Kowane fiffike bai fi tafin hannu ba. Iskar da ke dukansa takan haura digiri 1,500, alhali haɗin ƙarfen nikel da aka yi shi da shi yana fara narkewa ne a wajen digiri 1,300 da wani abu. Wato yana aiki a cikin wutar da ta isa ta narka shi. Abin da ke cetonsa shi ne 'yan hanyoyin iska da aka huda a cikinsa masu sanyaya shi, da wani shafe irin na tangaran a bayansa. A lokaci guda kuma yana juyawa fiye da sau 10,000 a minti, ƙarfin juyin na fizgarsa kamar an rataya masa tan masu yawa.

Ƙarfen da ke cikin irin wannan hali ba karyewa yake yi farat ɗaya ba. Miƙewa yake yi sannu a hankali, kamar igiyar shanya da aka daɗe ana ɗora wa jiƙaƙƙun kaya, har ranar da zai taɓa bango ko ya tsage. Ƙarfe na yau da kullum tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kuma daga mahaɗarsu ɓarnar ke farawa. Sai injiniyoyi suka koyi zuba fiffiken ya zama ƙwaya ɗaya tal, babu mahaɗa ko ɗaya. Asalin dabarar zubin ita ce wadda maƙeran tagulla na Bini da Ife suka yi ɗaruruwan shekaru suna yi: a sassaƙa siffar da kaki, a lulluɓe ta da yumɓu, a narkar da kakin ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Abin da aka ƙara shi ne wata 'yar murɗaɗɗiyar hanya a gindin mazubin, wadda ƙwaya ɗaya ce kawai ke iya bi ta fito, ita ce kuma za ta girma ta cika fiffiken yayin da ake janye shi daga wuta a hankali.

Ko a cikin ƙwaya ɗayar, zarra na iya zamewa idan zafi ya yi zafi. Nan ne riniyam ke shigowa. Zarrarsa babba ce, mai nauyi, mai nawar motsi, sai ta zame wa sauran kamar turaku. A shekarun 1980 aka fara sa kashi 3 cikin ɗari, a irin haɗin CMSX-4 na kamfanin Cannon-Muskegon, da René N5 na General Electric, da PWA 1484 na Pratt & Whitney. Daga baya aka kai shi kashi 5 zuwa 6 a CMSX-10 da René N6. Kowane mataki ya ba fiffiken damar jure ƙarin zafi na kusan digiri 30. Wani zai ce digiri 30 har wani abu ne? A injin jirgi, ƙarin zafi na nufin ƙarin ƙarfi daga litar mai ɗaya, ko kuma ƙarin shekarun aiki kafin a sauke injin a gyara. Idan aka lissafa man da jirgi ɗaya ke sha a shekara 20, kuɗin riniyam ɗin da ke cikinsa ba ya ko shiga lissafi. Shi ya sa General Electric da Rolls-Royce da Pratt & Whitney suke cinye mafi yawan abin da ake samarwa, kuma sukan ƙulla yarjejeniyar shekaru da masu tacewa maimakon su je kasuwa kullum. Sai dai abin yana da iyaka. Idan riniyam ya yi yawa, yakan haifar da wasu gautsattsun ɓaraguzai a cikin ƙarfen, ya kuma ƙara masa nauyi.

Aiki na biyu a matatar mai yake. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Chevron ya gano cewa idan aka haɗa riniyam da filatinam, kowanne kusan kashi 0.3 cikin ɗari a kan 'yan ƙwayoyin alumina, za a samu sinadarin zuga mai daɗewa bai toshe ba. Aikin irin wannan sinadari aikin dillali ne, ya haɗa ciniki ba tare da shi an sayar da shi ba. Yana sauya ƙirar ɗanyen fetur ya zama mai ingancin da ba ya sa inji ƙwanƙwasa, kuma ya yi rana sosai lokacin da aka fara hana zuba darma a fetur. Yau rabon wannan fanni ya ragu, saboda sababbin matatu da yawa sun koma haɗin filatinam da kuza, kuma tsohon sinadarin ana mayar da shi a cire riniyam ɗinsa a sake amfani da shi. Sauran ayyukan ƙanana ne a nauyi amma ba a raina su: faifan da ke fitar da hasken hoton ƙashi da na'urar sikanin asibiti haɗin tangistin da riniyam ne, haka wayar auna zafin tanderun da ya haura digiri 2,000, da bakin ƙananan rokokin da ke daidaita tauraron ɗan'adam a sama. Akwai kuma nau'insa mai tiriri da likitoci ke amfani da shi a kan wasu cututtukan daji.

Shekarar 2008 ce ta fallasa raunin wannan tsari. A farkon shekarun 2000 kilo yana tsakanin dala 1,000 da 2,000. Odar jirage ta yi yawa, sababbin injina na neman haɗi mai riniyam da yawa, abin da ke fitowa daga tanderu kuma bai ƙaru ba. Farashi ya haura dala 10,000. Da yake tsada ba ta iya kiran sabon rami, sai maganin ya fito daga ɓangaren masu saye. General Electric ya fito da haɗin René N515 mai kashi ɗaya da rabi, rabin na René N5. Cannon-Muskegon ya yi CMSX-8 mai irin wannan adadi, da CMSX-7 wanda babu riniyam a cikinsa sam. Aka fara tattara ɓarɓashin da ke zuba wajen goge fukafukai, aka riƙa karɓo tsofaffin fukafukai daga wuraren gyaran injina ana narkawa ko ana tatse su da sinadarai. Masana'antun wannan aiki suka bunƙasa a Jamus da Amurka da Kanada da Estoniya da Japan. Farashi ya yi ta sauka shekara da shekaru, har ya dawo wajen dala 1,000 a 2020, lokacin da annobar korona ta ajiye jiragen duniya a ƙasa.

Wannan arhar ta sa wasu suka saki jiki. Amurka, wadda ta fi kowa cin riniyam kuma mafi yawansa daga waje take shigo da shi, ta sa shi a jerin ma'adinan da tsaron ƙasarta ya dogara da su a 2018, ta cire shi a 2022. Ina ganin cirewar gajeren tunani ce, domin babu abin da ya sauya a asalin matsalar. Tanderun da ke tare shi 'yan ƙalilan ne, rabinsa daga ƙasa ɗaya yake fitowa, kuma yawansa na bin kasuwar wani ƙarfe dabam. Abin da ya sauya shi ne yawan masu nema. Sin, wadda jirginta na fasinja C919 ke tashi da injin LEAP na haɗin gwiwar General Electric da Safran ta Faransa, ta duƙufa wajen ƙera nata injinan, na fasinja da na yaƙi, kuma duk mai son fiffike mai ƙwaya ɗaya da zai yi gogayya da na Yamma sai ya shiga layin gishirin APR. Airbus da Boeing na da odar dubban jirage da ba su kai ga ƙerawa ba. Farashin ya sake ɗagawa, kuma a jerin da Amurka ta fitar a 2025 riniyam ya koma ciki, tare da jan ƙarfen da yake laɓe a bayansa.